Mai sadarwar jami'a: takarda za a duba ko iya aiki?

Ɗan_Adar
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni barci tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai malamai da ɗalibai da ƴan jarida cikinmu. Wata jami'a ta Yamai, ba ni kama suna, ta fiddo sanarwar neman ma'aikaci guda ga sashen sadarwa. Sharuɗɗan da anka sa: mastar ta fannin sadarwa, wato karatun shekara 5 bayan bak, jarrabawar gama sakandare, ƙwarewar aiki ta shekara 5, kada shekarun mutum su wuce 35, ya iya Faransanci da Ingilishi, ya iya ɗaukar hoto da haɗa bidiyo da kula da shafin Facebook. Ni shekarata 12 ina aikin rediyo nan Tawa, lisans gare ni. Na karanta labarai, na yi hira da mahukunta da manoman albasa, na fassara bayanin likitoci lokacin rigakafi har tsofaffin ƙauye sunka gane. Da na kira lambar da anka bada, wadda ta ɗauka ta ce mini cikin ladabi kada in wahal da kaina wajen haɗa dosiye, in babu mastar ko ambulan ba a buɗewa. Abin da ya fi tsaya mini ga rai, duk tsawon sanarwar babu layi guda da ya ce mutum ya iya Hausa ko Zabarmanci ko wani harshen ƙasa. To da wa za shi yi magana? Ku gaya mini, wanga aiki takarda ke yin shi ko hannu?

Hajiya_Biro
Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ji zafin da kake ji, amma bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki, don shekara 26 na yi a sashen kula da ma'aikata kafin in yi ritaya. Kowane gurbi yana da katagori, kuma katagorin ke yanke albashi. In an ce gurbin na babban ma'aikaci ne, dole a rubuta takardar da ta dace da shi, in ba haka ba mai binciken kuɗi zai maido da dosiyen ya ce da wace hujja za a biya wannan albashi. Sannan sanarwa ɗaya tak tana jawo tulin ambulan da za ka rasa inda za ka aje kofin shayi a tebur, alhali mutum uku ko huɗu ne za su tace. Na tuna lokacin da muka yi kwana biyu cur muna buɗe ambulan, muna duba kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, ko bai wuce wata uku ba, da takardar ɗan ƙasa, da kofin difiloma mai hatimi, da katin ANPE, hukumar samar da aikin yi. Takarda ita ce rariyar farko. Kuma ita ce garkuwarmu. In wani babba ya bugo waya ya ce a ɗauki ɗansa, abin da kawai muke iya cewa shi ne, ranka ya daɗe, bai cika sharaɗi ba.

Gaskiya_Ɗaya
Hajiya, da girmanki, ni ban yarda ba. Wannan riga an ɗinka ta ne daidai jikin wani. Ku yi lissafi: yaro ya samu bak yana da 20. Shekara 5 na karatu a takarda, amma kowa ya san yadda shekarun karatu ke hawa kan juna, sai ta zama 7. Ya fito yana da 27, ya yi sabis sibik, wato bautar ƙasa, shekara 2, ya zama 29. Ya yi yawon neman aiki da sitaj marar albashi shekara 2 ko 3. Ina zai samo ƙwarewar shekara 5 kafin 35? Sai wanda ya yi karatu waje kuma aiki ke jiransa tun bai sauko daga jirgi ba. PAC ce kawai, dangi da abokai da sanayya.

Hajiya_Biro
@Gaskiya_Ɗaya ɗana, ban ce ba a yi ba, na gani da idona. Amma sau da yawa ba ma makirci ba ne. Sanarwar wata ƙungiya ta waje ake ɗaukowa a canza suna da kwanan wata, ba wanda ya zauna ya tambayi kansa me gidan ke buƙata. Lissafinka na shekaru kuwa gaskiya ne, ban musa ba.

MaiKamara
Ni abin da na gani a sanarwar, aikin mutum biyar ne aka ɗora wa mutum ɗaya. Mai rubutu daban, mai hoto daban, mai haɗa bidiyo daban, mai zanen afish daban, mai kula da intanet daban. Na yi wa wata makaranta mai zaman kanta wannan aiki wata 8. Ranar bikin ba da difiloma ni ne mai gabatarwa da makirfo a hannun dama, kamara rataye a wuya, kuma ana ta bugo mini waya wai me ya sa ban sa hotuna a shafi ba. Kwamfutar ma tawa ce. Ko mai dakta aka ɗauko ba zai iya ba.

Mushe_Kimiyya
Ina koyarwa a jami'a, bari in faɗi ɓangarenmu. Malam Ɗan_Adar, ba na raina rediyo, da ita na tashi. Amma aikin sadarwa a jami'a ya wuce karanta sanarwa. Za a kawo maka rahoton bincike mai shafi 80 kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ko cutar dabbobi, a ce ka maida shi shafi ɗaya ba tare da ka ɓata ma'anarsa ba. Za ka rubuta wa jami'o'in waje takardar haɗin gwiwa. Dole ka san tsarin LMD, wato lisans da mastar da dakta, ciki da bai, cewa lisans zango 6 ne da kiredi 180, wato ma'aunin yawan karatun da ɗalibi ya kammala, mastar zango 4 da kiredi 120. Dole ka san mene ne CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, wadda aka kafa nan Yamai a 1968, hedikwatarta na Wagadugu, kuma ita ke tantance malamai kafin su hau muƙami. In aka ce malamanmu sun ci jarrabawar CAMES, ka san bambancin matakan, kada ka kira wanda ya hau matakin farko farfesa. Na taɓa ganin an yi wannan kuskure, malamin ya sha kunya gaban abokan aikinsa. Wanda ya rubuta memuwar na mastar ya ɗanɗana yadda bincike yake, shi ya sa nake ganin sharaɗin yana da tushe.

Ɗan_Adar
Mushe, na gode, kuma na ƙaru. Amma duk abin da ka lissafa, mi ya hana a gwada ni kansa? A ba ni rahoton mai shafi 80, a ba mai mastar irinsa, a rufe mu cikin ɗaki. In ya kada ni, wallahi ni za ni fara yi mishi barka.

Harobanda_227
Ni ɗalibi ne, shekara ta uku. Manya ku yi haƙuri in sa baki. Mu abin da muke so wurin mai sadarwa bai kai duk wannan ba. Yaushe ake rajista, yaushe ake rufewa, an ɗaga jarrabawa ko ba a ɗaga ba, bursi ya fito ko bai fito ba. Yawancin labarin da muke samu, hoton takarda ne da wani ya ɗauka da waya a jikin allo, a karkace, rabin hatimin bai fito ba, ya yi ta yawo a WhatsApp. Kafin ka tantance na bana ne ko na bara, ka riga ka biya kuɗin taksi ka ƙetare gada. Akwai ranar da sanarwar ƙarya ta zagaya, mutane da yawa ba su zo ajin gwaji ba. Da akwai shafi ɗaya da muka amince da shi, wanda ke amsawa in an tambaya, da an huta.

Mushe_Kimiyya
@Harobanda_227 gyara kaɗan, ɗalibina: bursi ba a hannun jami'a yake ba, hukumar ba da tallafin karatu ANAB ce ke da shi, kamar yadda abinci da ɗakin kwana ke hannun CROU, cibiyar kula da jin daɗin ɗalibai. Amma ka ga wannan ma aikin mai sadarwa ne, ya nuna wa ɗalibi ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Innar_Ɗalibai
Salamu alaikum. Ɗiyata ce ke rubuta mini, ni ban yi lakwal ba. Muna wani ƙauye kusa da Keita. Shekarar da babban ɗana ya samu bak, munka ji ana cewa rajista ta kusa rufewa. Babansa ya saida tunkiya guda da buhun wake, munka haɗa mishi jikka 60, ya kama hanyar Yamai, tafiyar yini guda cur. Da ya isa, sai ya ishe takarda manne ga ƙofa cewa an ɗaga da sati ukku. Ba shi da kowa can. Kwana huɗu ya yi cikin tasha, bisa tabarma, jakarsa ce matashin kai, kuɗin na ƙarewa ga abinci, sannan ya komo gida. Da lokacin ya yi sai da munka ci bashi. Ni rediyona kullum tana rataye ga icen zaure, ina jin sanarwar biki da ta rasuwa da ta ɓatan raƙumi. Da an faɗi wagga magana da Hausa sau guda, da tunkiyarmu na nan. Ban san mi ake kira mastar ba. Ku dai ɗauki wanda ya san muna nan.

Ɗan_Adar
Inna, Allah ya saka da alheri, Allah ya yi wa yaran albarka. Abin da nike son faɗi ke nan bakina bai kai ba.

Alƙalami_74
Inna ta gama magana. Ni tsohon ɗan jarida ne, na fara aiki zamanin da ake yanka tef da reza a manna. Waɗanda suka koya mana aiki a sashen harsunan ƙasa, da yawansu ba su da bak, amma in suka fassara jawabin shugaban ƙasa, har makiyayi a daji ya san abin da aka ce. Daga baya makarantar koyon aikin jarida IFTIC ta horar da yara masu kyau, ban raina karatu ba, ni kaina na koma aji ina da furfura. Sai dai fassara fasaha ce mai zaman kanta. Ku gwada maida kalmar kiredi ko zangon karatu ko ekibalans zuwa Hausar da Inna za ta gane, za ku ga gumi. Ni da za a tambaye ni, sai in ce a rubuta: mastar, ko lisans da ƙwarewar shekara kaza. Sannan a yi gwaji na gaske. A ba mutum kominike na Faransanci, a ba shi minti 30, ya fito da shi a harshen ƙasa cikin minti ɗaya na rediyo. A kira shi a waya kamar ɗan jarida ne ke tambaya ranar da ɗalibai suka fita zanga-zanga, a ji abin da zai ce. A nan ake gane wanda ya iya.

Sabon_Zamani
Kuma ma doka tana bayan Ɗan_Adar yanzu. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. To yaya za a nemi harsunan aiki biyu a manta da harshen ƙasa?

IsaBeri
Ƴan'uwa a yi hattara a nan. Ni Bazabarme ne, ga shi da Hausa nake rubutu, ban da matsala da ita, a kasuwar Katako na koye ta tun ina yaro. Amma jami'ar da ake magana a Yamai take. Uwar ɗalibin da ke Walam ko Tera ko Doso, ita ma tana da rediyo rataye a bukka, kuma ba Hausa take ji ba. In za a gyara sanarwar, a ce harsunan ƙasa biyu aƙalla, gwargwadon yankin. Yanzu kowace jiha tana da jami'arta. Mai sadarwa a Agadas yana buƙatar Tamajak, na Difa yana buƙatar Barbarci, kuma Fulatanci ko'ina ana jinsa. Kada mu fita daga wariya ɗaya mu faɗa wata.

Sabon_Zamani
@IsaBeri ban ce a ware kowa ba yaya, abin da ke rubuce na faɗa.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a, maganar harshe tana da amfani amma kada ta koma ta ƙabila. IsaBeri ya yi magana cikin mutunci, a amsa masa haka. Na goge saƙo biyu.

Ɗan_Adar
IsaBeri, gaskiyarka. Tun farko Hausa ko Zabarmanci ko wani harshe na ce. Ni kaina da za a kai ni Yamai, sai na nemi wanda za shi kama mini ta ɓangaren Zabarmanci, don nawa na gaisuwa da ciniki ne kawai.

Ɗiyar_Ƙonni
Ni tawa matsalar daban ce amma tushensu ɗaya. A Najeriya na yi karatun aikin jarida, shekara 4, kamar yawancin ƴan bakin iyaka. Ingilishin da suke nema ina da shi, Hausa kuwa a nono na sha. Amma duk inda na kai dosiye sai a ce digirina ba lisans ba ne ba kuma mastar ba, in kawo ekibalans, takardar da ke daidaita shi da difilomar nan gida. Na kai takarduna, na jira wata da watanni, kafin ta fito an rufe gurbi biyu da nake hari. Sannan Faransancina na rubutu ba shi da ƙarfi, wannan na yarda laifina ne, ina koyo da dare. Abin da nake roƙo, a riƙa karɓar dosiye da rasit ɗin neman ekibalans, in mutum ya ci gwaji sai ya cika daga baya.

Hajiya_Biro
@Ɗiyar_Ƙonni ɗiyata, wasu wuraren suna karɓa in an rubuta haka a sanarwa. Ki riƙa sa rasit ɗin da ƴar wasiƙar bayani a saman dosiye, kada ki bari sai an tambaye ki. @Alƙalami_74 Malam, shawararka ta "ko lisans da ƙwarewa" mai yiwuwa ce, musamman a gurbin kwantiragi ko a jami'a mai zaman kanta, inda hannun shugabanni ya fi sakewa. Inda nake jin tsoro shi ne gwajin baki. Wa zai ba da maki? In mutum uku suka shiga ɗaki suka fito suka ce wane ya fi iya magana, da me za ka ƙalubalance su? Difiloma ko ba komai ana iya ɗaga ta a nuna.

Alƙalami_74
Hajiya, a naɗi gwajin a ajiye. A cire suna a takardar rubutu a sa lamba, kamar yadda ake yi a bak. A sa mutum ɗaya daga waje cikin alƙalai, tsohon ɗan jarida ko malamin sashen nazarin harsuna. Faransar da muka gaji tsarin nan wurinta, tun 2002 ta yi dokar da ke ba ma'aikaci damar maida ƙwarewarsa ta zama difiloma, ya kai hujjojin aikinsa gaban alƙalai su auna. Mun ɗauko son takarda, mun bar wannan ƙofa.

Gaskiya_Ɗaya
Duk tsarin da kuka kawo, in mai yanke hukunci ya riga ya zaɓi nasa, a banza. Ni sau 9 ina kai dosiye wurare daban-daban, kowane sai na sake kaziye da takardar likita da hatimi, kuɗin da na kashe ya isa jari. Sau ɗaya kawai aka kira ni. Ko saƙon "ba a ɗauke ka ba" babu mai turo maka. Masu neman ma'aikacin sadarwa su fara da sanar da waɗanda suka nema.

Ƴar_Mastar
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba, don na ga kamar mu masu mastar ne abin zargi. Ni ba ɗiyar kowa ba ce, babana tela ne. Da rana ina aiki a wani shagon buga takardu, da yamma ina aji har ƙarfe tara, shekara biyu, ga goyo. Abin da na koya ba ado ba ne: yadda ake tsara sadarwar shekara guda da kasafinta, yadda ake auna ko saƙo ya isa, abin da doka ta ce kan hoton mutum da bayanansa, yadda ake magana lokacin rikici ba a ƙara wa wuta mai ba. In an ce takarda ba komai ba ce, to me zan gaya wa ƙannena da nake turawa makaranta? Na yarda a yi gwaji, ba na tsoronsa. Amma labarin Inna ya taɓa ni, don a duk karatun da na yi ba a taɓa sa ni rubuta sanarwa da Hausa ko sau ɗaya ba.

Ɗan_Adar
Ƙanwata, ba ke nike zargi ba, Allah ya sa albarka ga wahalar da kinka sha. Abubuwan da kinka lissafa, kasafi da auna saƙo, gaskiya ban iya su yadda ya kamata ba.

Tarihi_Gado
Bari in ɗan karkata. Ɗalibai nawa suka san wane ne Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992? Masanin kimiyya ne da ya yi aiki kan hasken rana tun kafin duniya ta damu da shi. Ta Tawa kuma, wadda aka kafa a 2008, sunan Farfesa Djibo Hamani gare ta, wanda ya rubuta tarihin Adar. Mai sadarwa na gari zai yi shiri na minti 5 kan irin waɗannan mutane, yaran ƙauye su ji cewa nasu ma sun yi.

Mushe_Kimiyya
@Tarihi_Gado a 2010 aka kafa jami'ar Tawa, tare da ta Maraɗi da ta Damagaram. Cibiyar koyon fasaha IUT ce ta riga ta, wataƙila ita kake tunawa. Sauran huɗun, Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, a 2014. Amma batunka na nan daram. Kuma na sake tunani kan maganar Inna tun ɗazu. Sakamakon binciken da muke yi kan iri da ƙasar noma, don manoma muke yinsa, amma a mujallun da manomi ba zai taɓa gani ba yake ƙarewa. Har yanzu ina kan cewa shugaban sashe ya zama mai mastar. Sai dai na yarda sashen bai kamata ya zama mutum ɗaya ba, kuma na biyun ba sai da mastar ba.

MaiKamara
Mushe, da wane kuɗi? Gurbi ɗaya ma da ƙyar ake buɗe shi.

Harobanda_227
Akwai ɗalibai da yawa da za su yi sitaj a sashen da murna, in za a ba su takardar shaida da kuɗin mota. Mu ne muka san inda labarin ƙarya ke fara yawo.

Gaskiya_Ɗaya
Sitaj kuma? Haka ake cinye ƙuruciyar mutane, a yi ta aiki kyauta gurbin ba ya buɗuwa.

Ɗan_Adar
Na karanta duka, na gode wa kowa. Hajiya, in na kai dosiyen duk da haka, na haɗa da wasiƙa da faifan shirye-shiryena guda ukku, akwai laifi? Ko ba a ɗauke ni ba, ina son wani ya saurara. @Ƴar_Mastar karatun yamman da kinka yi, ana iya bin shi daga nesa ko dole sai mutum ya zamna Yamai? Ina da iyali nan, ba ni iya barin aiki.

Hajiya_Biro
Babu laifi ƙanena, amma ka kai da hannunka ko ka ba wanda ka amince da shi, a rubuta a rajista a ba ka lamba. Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya, kuma shugaban jami'ar za ka rubuta wa, ba sashen ma'aikata ba.

Ƴar_Mastar
Yaya, namu sai an zo aji. Na ji wasu makarantu na yi ta intanet, amma kafin ka biya ko dala ka tabbatar gwamnati ta amince da difilomarsu, kada ka faɗa irin jiran da Ɗiyar_Ƙonni ta yi. Zan tambayi wani malaminmu gobe in turo maka ta akwatin sirri.